Musayar waƙa: ɗakunan almarar zamani

Mushen Karkada:
Salamu alaikum ƴan zaure. Makon jiya mun yi waƙar tsadar hatsi har ta ishe mu. Yau ga wata. Ƙanena da ke jami'a ya bar mini littattafai uku na Faransanci, ya ce duka almara ce, amma wai kowace da ɗakinta kamar gidan mai mata. To mu bi ɗakunan. Ƙwar biyu, amsa-amo "ra". Wanda ya karya shi zai biya shayi. Na fara da uwargida, wadda Tolkin ya kawo a 1954.

Da sunan Allah nake buɗe hira,
Kan labaran da muke kira almara.
Tolkin na Ingila, malamin harsuna,
Shi ya gina babban ɗakin, ya tsara.
Ya ƙagi ƙasa, ya zana mata taswira,
Ya ƙagi yare, ya koma yana fassara.
Zobe guda ya hana duniya barci,
Mugu yana gabas, ya kangara, ya gagara.
Ba jarumi ba, ɗan guntu marar takalmi,
Shi aka ɗora wa kayan nasara.
Wannan ita ce almarar dauloli,
Mai musu ga fili, ya zo ya fara.

Ɗan Birni:
Mushe, boko ya kai ka nesa.

Mai son sarauta bai buƙatar almara,
Damagaram, kowa ya zo sai ya jira.
Tanimu ya ja ganuwa ta kewaye gari,
Ya sa aka ƙera igwa mai ƙara.
Naka sarkin a taswira yake kwana,
Namu yana fada, je ka gaida, ka ƙara.

Na-Ƙofar Fada:
Birni ta gaishe ka! Wallahi daga nan a naɗe tabarma, an gama waƙa.

Ƴar Zango:
Yaya Ɗan Birni, an tambaye ka hanyar kasuwa, ka ce kakanka na da doki.

Ana batun littafi kana ta kirari,
Ganuwar ma damina ta ci, ina saura?
Ni tawa almarar ba ta zuwa fada,
Cikin gari take, gefen kwata da shara.
Aljani ya hau kabu-kabu a Dole,
Ya biya da ganye kafin yaro ya lura.
Maye yana da shago, yana sai da kati,
Dodo ke gadin banki, yana shan fura.
Ba taswira, ba doki, ba algaita,
Maƙwabcinka ne, da shi kake hira.

Ita ake ce wa almarar cikin gari. Duniyar tamu ce, kuran ɗinmu da ke ɗaukewa ne, sai dai akwai waɗanda ba ka gani suna biyan haya a unguwa.

Mai Kabu-kabu:
Tanti wannan ba almara ba ce, aikina ne. Wata Alhamis bayan isha'i na ɗauki wata mata daga tasha, farin mayafi har ƙasa, ba ta ce uffan ba sai nuni da yatsa. Babur bai ji nauyinta ba ko kaɗan. Da ta sauka ta miƙo dala sittin, ni kuwa ba kuɗin nake kallo ba, ƙafa nake leƙe ko zan ga kofato. Silifa ce shuɗiya. Amma har yau kuɗin na aljihun baya ban taɓa su ba.

Na ɗauko ta a tasha da dare,
Na kai ta can bayan duwatsu,
Na karanta Ƙulhuwa ƙafa bakwai,
Na dawo gida ban ci tuwo ba.

Na-Ƙofar Fada:
Ina "ra" ɗin? Shayi ya hau kanka.

Alaramman Garin Malam:
Ban so sa baki ba, amma an ce waƙa ake yi. Na mai babur ba zan taɓa ba, ba a yi wa gawa gyaran gemu. Kai Ɗan Birni nake nufi. Ɗangonka na fari tsaf yake: mai son sarau / ta bai buƙa / tar almara. Awon mustaf'ilun sau uku, baharin Rajaz ke nan, wato ɗaya daga ma'aunan waƙar Larabci. To na biyu fa? Da-ma-ga, gaɓa marasa nauyi uku a jere kafin a kai ga ram.

Ɗango na fari ya taho bisa sirdi,
Na biyu ya faɗi, yana neman gora.

Ɗan Birni:
Allah ya gafarta Malam, a sake buɗe littafin aruli, ilimin awon waƙa. Mustaf'ilun in aka cire masa sinun da fa'un sai ya koma muta'ilun, gajeru uku da doguwa ɗaya. Habli ke nan, kuma Rajaz ya yarda da shi. Sunan garinmu bai taɓa karya waƙa ba.

Alaramman Garin Malam:
Ya halatta, ban ce haram ba. Amma duk masu aruli mummuna suka kira shi. Naman jaɓa ma in yunwa ta kai maƙura wani zai ci.

Ƴar Zango:
Af, ashe Rajaz ne? Ba shi Larabawa ke kira jakin mawaƙa ba?

Mai kirarin doki da ganuwa da igwa,
Ashe kan jaki yake yin takara.

Ɗan Tasha:
Zango ta gaishe ki! Ƴan Birni a kawo ruwa, an suma.

Na-Ƙofar Fada:
Zango masaukin raƙuma ne tun asali, me kuka sani game da doki? Kuma tun da ƙirga ake, Malam ya ƙirga na Mushe mana. Ko don shi ya buɗe zauren?

Alaramman Garin Malam:
Na Mushe ba shi da bahari balle in ce ya karya. Wanda bai hau ba ai ba ya faɗuwa.

Ɗan Tasha:
To Shata da Ɗan Alalo wa ya karantar da su arulin Halilu? Kunne ne alƙali, ba yatsa ba.

Alaramman Garin Malam:
Su suna da kiɗa yana riƙe musu ƙafa. Kai da ke rubutu a waya wa ke yi maka kiɗa? Halilu na Basra bahari 15 ya fitar, Ahfash ya ƙara Mutadarik suka zama 16. Duk faɗin nan a ce mutum ya rasa inda zai tsaya?

Mushen Karkada:
Jama'a, ɗaki biyu kaɗai muka shiga, kun tsaya kuna awon tsakar gida.

Ɗan Lise:
Baba Alaramma a yi haƙuri, ni ban iya ƙirga ba, kuma cajina saura kaɗan, a shagon mai aski na jona.

Akwai ta ƙofa, yarinya ta buɗe kabad,
Ta tarar da daji da zaki da ƙanƙara.
Ƴan Japan suka ce kabad ya tsufa,
Babbar mota ta buge ka, nan ka fara.
Ka farka wata duniya da takobi a hannu,
Jiya ba ka da aiki, yau kai ke shawara.

Ɗan Lise:
Na manta wannan.

Akwai baƙa, wadda ba ta da gwani,
Wanda ka fi so shi za a sara.
Sarki maƙaryaci, waziri ɓarawo,
Mai gaskiya shi ke kwasar hasara.

George Martin na Amurka ya fi kowa suna a kanta. Littafin farko ya fito 1996, har yau bai ƙarasa jerin ba.

Ɗan Lise:
Ta ƙarshe, ta ƴan Sin, ita nake bi yanzu a waya, babi ya wuce dubu.

Saurayi ya hau dutse ya shiga halwa,
Yana tara ƙarfi, shekara bayan shekara.
Burinsa ya fi ƙarfin mutuwa,
Malam, ga duwatsu a gari, ko za ka fara?

Ɗan Birni:
Baƙar nan taka ba sai an saya ba, buɗe rediyo kawai. Kuma yaro ka iya bakinka da malamai.

Alaramman Garin Malam:
Bar shi. Halwar da ake shiga don a guje wa mutuwa ɓata gumi ce. Amma "shekara bayan shekara" ta zauna daidai a kunne, na ba shi wannan.

Inna Ta-Mirya:
Kwana biyu ba ni da kati, yanzu na hau na tarar kun cika wuri. Ɗana na Lise, littafin kabad ɗin nan naka na 1950 ne. Gasar rubutun Hausa da aka yi a Zariya kuwa 1933 ce, ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ƙirga ka gani wa ya riga wani.

Kafin kabad ɗinka Ganɗoki ya wuce,
Daga fagen yaƙinsa da Nasara.
Ya faɗa ƙasar aljannu da takobi,
Ya komo gida yana bai wa yara.
Alhaji Imam ya fita neman ruwa,
Shi da Zurƙe, tsiya na bin dabara.
Naku ya bi zobe, namu ya bi ruwa,
A Damagaram wanne ne bishara?

Kuma kafin su duka akwai kakata. Bayan an ci tuwo ta shimfiɗa tabarmar kaba, ta rage lagwanin fitila don kada kananzir ya ƙare, ta ce ga ta nan ga ta nanku. In ta zo wurin Dodo sai ta toshe hanci da yatsa biyu, muryar ta fito ta ƙasa, ƙanwata ta cusa kai cikin zanenta. Da rana ko kuka za ka yi ba ta yi maka tatsuniya.

Ɗan Tasha:
Inna ta kashe bakin kowa. Wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka tun asuba ya san wanne ne bishara.

Mushen Karkada:
Inna, na durƙusa. Amma a bar ni in ce wani abu.

Gizo in ya so sai ya hau sama da zare,
Ba mai tambaya tasa, ba mai ƙara.
Na zamani in ya yi tsafi sai ya biya,
Da jini, ko barci, ko shekara.
Doka gare shi kamar lissafin lakwal,
In marubuci ya karya, mai karatu ya lura.

Nan bambancin yake a ganina. Ƙurunƙus tana yafe komai, littafi mai shafi 800 ba ya yafewa.

Ƴar Zango:
Mushe, dokar wa? Nnedi Okorafor, ƴar Ibo haifaffiyar Amurka, ta ci babbar kyautar almara ta duniya a 2011, amma ta ga ɗakunan nan ba nata ba ne, sai ta gina nata ta raɗa masa suna daga kalmar juju. Hujjarta, abin da Bature ke kira ƙage, a gidan kakarta wani ya yarda da shi. Ga mai babur nan shaida. Kuma ku gaya mini, Sarauniya, littafin Abdoulaye Mamani na 1980 kan Sarauniya Mangu, wane ɗaki za ku sa ta?

Ɗan Birni:
Ba ɗaki za a sa ta ba, tarihi ne. Lugu, garin Sarauniya, tana nan, 1899 tana nan, ayarin Voulet, hafsan Faransa, da ya ƙone garuruwa kowa ya sani.

Mangu ta tsaya, bindiga ta yi magana,
Kar ki haɗa jinin mutane da almara.

Ƴar Zango:
Layun da asirin da ke cikin labarin fa, su ma a fada aka ajiye takardunsu?

Tarihi ya ba da suna da rana,
Baki ya ɗauka, ya yi masa sutura.
Kai ma Tanimunka da kake ta kirari,
Rabi gaskiya, rabi maroƙa suka ƙara.

Na-Ƙofar Fada:
A'a. Wannan kuma ya wuce waƙa. Mushe ka tsawata.

Amaryar Sabon Gari:
Ku dai kuna ta faɗa, ɗakin da ya fi cika ba wanda ya leƙa. Ƴan mata yanzu ta soyayya suke karantawa.

Budurwa ta hau dodo mai aman wuta,
Maƙiyinta na gefe yana harara.
Babi goma suna zagin juna,
Na sha ɗaya an kai goro da sutura.
Ƴar Zango da Ɗan Birni ku ci gaba,
Mun san ƙarshen, anko muke jira.

Ɗan Birni:
Allah ya kiyaye.

Ƴar Zango:
Amin, karo na farko da muka yi amsa-amo ɗaya.

Mai Shayin Dole:
Ni sai yanzu na rufe tebur. Ɗan Lise ya taɓa ba ni labarin wata ta 2022, ya ce sabon ɗaki ne, ba yaƙi ba jini. Ita ce tawa.

Ƙatuwar jaruma ta gaji da sara,
Ta rataye takobi ta bar takara.
Ta kama shago tana dafa gahawa,
Duk tashin hankalin littafin shi ne ko masu saye za su zo da madara.
To ni ma ga buta tana kan gawayi,
Wanda ya karya "ra", shi nake jira.

Mai Kabu-kabu:
Zan biya. Dala sittin ɗin matar nan suna nan.

Mai Shayin Dole:
Kawo su da rana, in duba da kyau.

Alaramman Garin Malam:
Mai Shayi, ɗangonka na huɗu ɗango biyu ne ka ɗaure da igiya ɗaya. Ɗan Birni kuma, na sake duba habli daren jiya. Har yanzu mummuna ne.