Maganin farfaɗiya na kare ƙwaƙwalwar jaririn da iska ta yanke masa?

Sista Rabi: Assalamu alaikum. Wani ɗalibi ya tsare ni jiya da wata magana. Wai tofiramet, maganin farfaɗiya, yana kare ƙwaƙwalwar jaririn da ya wahala wajen haihuwa har iska ta yanke masa. Wai me ya hana a riƙa ba su tun kafin jijjiga ta zo? Na rasa ta cewa.

Auwal: Ni ne ɗalibin, Sista, kuma ina nan kan bakana. Idan iskar oksijin ta yanke, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa mutuwa duka nan take. Jariri ya farfaɗo, kowa ya yi ajiyar zuciya, sai daga kamar awa 6 zuwa kwana biyu ɓarna ta biyu ta taso. Sinadarin gulutamet ya yi ambaliya, ya buɗe ƙofofin ƙwayoyin, kalsiyam ya kwarara ciki har ƙwayar ta hallaka. Tofiramet yana toshe wasu daga cikin ƙofofin nan, kuma a ɓeraye an ga ya rage ɓarnar. Riga-kafi ai ya fi magani.

Dakta Hadiza: Bayaninka daidai ne, Auwal, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ka san yadda ake gwajin ɓerayen? Hanyar Rice da Vannucci ce ta 1981: ɗan ɓera mai kwana 7, a ɗaure masa jijiyar wuya guda, a saka shi a iskar da oksijin ɗinta kashi 8 ne kacal. Mai binciken ya san mintin da abin ya fara da mintin da ya ƙare, ya ba da maganin a kan lokaci. A ɗakin haihuwa wa zai gaya maka tun yaushe jaririn nan yake fama a ciki? Wani tun tsakar dare ne.

An kuma gwada a jarirai. A Italiya an sa 44, duk ana sanyaya jikinsu don rage ɓarnar ƙwaƙwalwa, wasu an ƙara musu tofiramet. Sakamakon ya fito a 2018. Maganin bai yi musu illa ba, amma bai rage mutuwa ko mummunar naƙasa ba. A Sifen an sa 110, aka wallafa a 2019, nan ma babu bambancin da za a kafa hujja da shi.

Malam Sani: Dakta, a yi wa yaron nan adalci. Mu da muke kan magunguna ba mu manta da binciken Hall na 1998 ba. An ba irin waɗannan jarirai fenobabitol, wani maganin farfaɗiya, miligiram 40 a kowane kilo, kuma a shekara uku waɗanda aka ba su sun fi lafiyar ƙwaƙwalwa.

Dakta Hadiza: Jarirai 31 aka bi har ƙarshe, Malam, kuma kafin zamanin sanyaya jiki. Da aka tattara gwaje-gwajen irinsa a 2016, abin da ya tabbata shi ne jijjiga ta ragu. Mutuwa ba ta ragu ba.

Auwal: To ko bai amfana ba, ai bai cutar ba.

Malam Sani: A'a, nan kam na rabu da kai. A 2002 Bittigau da abokan aikinsa a Balin ta Jamus sun nuna magungunan jijjiga irin su fenobabitol da fenitoyin da dayazefam suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a jariran ɓeraye masu ƙoshin lafiya. Idan za ka kafa hujja da ɓera, sai ka karɓi duk abin da ɓeran ya faɗa.

Sista Rabi: Ni abin da idona ya gani zan faɗa. A ba jariri fenobabitol, ya yi lakwas, hannu ya daina karkarwa, uwa ta ce Alhamdulillahi. A jona na'urar awon ƙwaƙwalwa, sai ka ga jijjigar tana nan tana ci a ciki. Ga numfashi ya yi sanyi, ga barcin da ba ka san na magani ne ko na ciwo ba. Tun ranar da na fara ganin haka na daina yarda da kwanciyar jiki.

Dakta Bashir: Mu a ɓangaren manya mun riga ku shan wannan ruwa. A 1986 an gwada tayofental, maganin sa barci dangin fenobabitol, a mutum 262 da zuciyarsu ta tsaya aka dawo da ita, bai kare ƙwaƙwalwa ba. A 2022 binciken TELSTAR, a Holan da Beljiyam, ya danne alamun jijjiga da magunguna a cikin marasa lafiya 172. Mummunan sakamako, wato mutuwa ko mummunar naƙasa, kashi 90 a waɗanda aka danne wa, 92 a waɗanda aka ƙyale.

Auwal: Na ji, ranka ya daɗe. Amma jarirai 44 ko 110 sun yi kaɗan su nuna ƙaramin amfani, ko da yana nan. Kar a binne maganin da ransa.

Dakta Hadiza: Wannan ka yi gaskiya, kuma ban ce a binne shi ba. A gwada shi a dubbai, a bi yaran har su yi tafiya su yi magana. Abin da na ƙi shi ne a mai da shi al'ada kafin nan. Dubi sanyaya jiki ma, digiri 33.5 na awa 72, a fara cikin awa 6 na farko: ya tabbata a Amurka da Ingila. Da aka gwada shi a jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladesh, binciken HELIX na 2021, mutuwa ta kai kashi 42 a waɗanda aka sanyaya, 31 a sauran. Wanda ya tabbata ke nan, balle wanda bai tabbata ba.

Sista Rabi: To Dakta, jaririn da ke jijjiga a gabana yanzu fa?

Dakta Hadiza: Shi dole a yi masa magani, Sista, ba a kansa ake gardama ba. A duba sukari da kalsiyam na jininsa tukuna, sannan fenobabitol. A wani gwaji na 2020 ya tsayar da jijjiga a kashi 80, lebetirasitam, wani maganin farfaɗiya, a kashi 28.

Auwal: Zan nemo na Sifen ɗin in karanta da kaina, Dakta. Ina zargin awon maganin da suka bayar ya yi ƙasa.