Neman kalma: me za mu kira “peer support worker” da Hausa?

Assalamu alaikum masu fassara, ma'aikatan lafiya, 'yan jarida da duk mai kishin harshen nan. Tambayar da na jefa kwanakin baya ta tara amsoshi, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya, ga kuma dalilina. Kalmar ita ce wadda ake cewa “peer support worker” a Ingila da Amurka, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna cin karo da ita a takardun Faransanci da sunan “pair-aidant”.

A fara sanin aikin tukuna. Mutum ne da ya taɓa fama da larurar ƙwaƙwalwa, ko shaye-shaye, ko ya yi shekaru yana kwana a titi babu ɗakin kansa. Ya samu sauƙi, aka horar da shi, aka ɗauke shi aiki da albashi domin ya tsaya wa waɗanda suke cikin halin da ya fito. Ba ya rubuta magani, ba ya allura, ba ya yanke wa kowa abin da zai yi. Abin da ya kai shi ga aikin shi ne abin da ya same shi a jikinsa. Duk kalmar da ba ta ɗauki wannan ba, ba ta yi ba.

Abin kuma ba na yau ba ne. A ƙarshen ƙarni na 18, a asibitin Bicêtre da ke Paris, akwai Jean-Baptiste Pussin, wanda shi kansa ya taɓa kwanciya jinya a wurin kafin ya zama mai kula da ɓangaren masu taɓin hankali. Ya riƙa ɗaukar majinyatan da suka warke aiki, domin ya lura sun fi sauran tausayi da haƙuri, kuma shi ne ya kwance wa mutane sarƙa a 1797. Duk wanda ya tuna gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019 ya san wannan labarin bai yi mana nisa ba. A 1935 wasu mashaya giya biyu a garin Akron na jihar Ohio suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a kan fahimtar cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya taɓa sha ya daina. Daga baya abin ya zama sana'a: jihar Jojiya ta Amurka ta fara ba su takardar shaida a 2001, a 2007 kuma hukumar inshorar lafiyar talakawa ta ƙasar ta amince jihohi su riƙa biyan kuɗin aikinsu. A Afirka ma asibitin Butabika na Kampala yana aiki da irinsu.

To, ga kalmomin da aka kawo.

Mafi yawan masu amsa sun ce “tsara” ko “sa'a”, domin abin da ƙamus ya bayar ke nan a kan “peer”, rabin kalmar na farko. A nan ƙamus ba zai fitar da mu ba. Tsara maganar shekaru ce, wanda aka yi muku kaciya tare ko kuka shiga makarantar allo lokaci guda. A wannan aikin kuwa matashiya 'yar shekara 25 tana iya zama da dattijuwar da ta yi jika da ita, abin da ya haɗa su shi ne dukkansu sun san daren da barci ya ƙi zuwa, muryoyi suna magana a kunne. Ka ce wa dattijuwar nan ga tsararki, ka yi rashin ɗa'a. “Takwara” kuma ta tafi wajen suna ɗaya ko muƙami ɗaya, ministan nan da takwaransa na can.

Wata malamar jinya ta kawo “mai jinya”. Na fahimci dalilinta, amma kalmar tana da mai ita: ɗan'uwan da ke shimfiɗa tabarma a gefen gado, ya sayo magani, ya kawo kunu. Aikinsa babba ne, sai dai bai taɓa shiga ciwon ba, sau da yawa ma shi ne majinyacin ke ɓoye wa abin da ke ransa don kada ya ɗaga masa hankali.

“Tubabbe” ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ina roƙon kada ta shiga bakin kowa a wannan fagen. Tuba daga zunubi ake yi. Wanda ciwon damuwa ya kwantar bai yi laifin da zai tuba ba, haka matar da hankalinta ya gushe bayan haihuwa. Kunnen Bahaushe a yau idan ya ji tubabbe, ɗan bindiga yake hangowa. Mutanen da aka daɗe ana jifa da “mahaukaci” ba za mu ƙara musu wani tambarin da sunan girmamawa ba.

Sai rabin kalmar na biyu, wato “support”. Kowa ya ce “tallafi”, kuma da a shekarun baya ne da na yarda. Yanzu fa? Ka shiga unguwa ka ce an kawo mai tallafi, layi za a ja ana jiran buhun shinkafa ko alat a waya. Ma'aikacin da aka gabatar da wannan sunan zai ɓata ziyararsa ta farko yana bayanin cewa bai zo da komai ba.

Abin da yake yi a zahiri rakiya ce, kuma aikin samar wa masu kwana a titi gidaje ne ya fi nuna haka. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya fara wani tsari a New York wanda ya juya al'adar da aka saba: maimakon a ce wa mai kwana a titi sai ya daina sha, sai ya riƙe magani, kafin a ba shi ɗaki, sai a miƙa masa makulli tukuna, kulawa ta biyo baya gwargwadon yadda ya so. Finland ta ɗauki tsarin a 2008. Kanada ta gwada shi daga 2009 zuwa 2013 a birane biyar da mutane fiye da 2,000, aka ga waɗanda aka ba gida da farko sun fi sauran daɗewa a matsuguni nesa ba kusa ba. Faransa ta bi sahu a 2011. A cikin ayarin ma'aikatan da ke zagaya waɗannan gidaje ana saka irin mutumin da muke nema wa suna.

Ku dube shi a bakin aiki. An ba mutum ɗaki bayan shekaru a ƙarƙashin gada. Ga gado, ga katifa sabuwa, amma da safe sai a tarar da shi kwance a ƙasa kusa da ƙofa, takalmi a ƙafa, jaka a ƙarƙashin kai. Jami'i zai rubuta cewa bai saba da gidan ba, wataƙila ma ya fara tunanin ciwon ne ya motsa. Wanda ya taɓa kwana a titi ba zai rubuta komai ba. Ya san shirun ɗaki yana firgita wanda ya saba da ƙarar motoci, ya san takalmi ba a cire shi a inda ake sata. Sai ya zauna a ƙasan tare da shi, ya ce ni ma haka na yi da farko. Gobe ya taka masa zuwa wajen mai gida, jibi zuwa biyan kuɗin wuta. Ranar ganin likita ya zauna a gefe, ya ƙarfafa masa ya faɗi da bakinsa cewa maganin nan yana sa hannunsa rawa, yana sa shi barcin rana, maimakon ya watsar da shi a ɓoye. Mai tafiyar ne ke zaɓar inda za a je, shi ma'aikacin nasa ya taka masa, ya kuma san inda zai tsaya ya juyo.

Amma “ɗan rakiya” ba za ta yi ba, domin ta riga ta zama ta raini: 'yan rakiya a zaɓe, 'yan rakiya a gasar ƙwallo, masu cika lissafi kawai. “Mai rakiya” ba ta da wannan tabon.

Saura kalmar da za ta ce ya sha abin da kansa. Wani bawan Allah daga Maraɗi ne ya rubuto kalma ɗaya tak: ganau. Nan take wani ya ƙalubalance shi, ya ce ganau ai mai shaida ne, wanda ya tsaya a bakin titi ya ga haɗari ba shi ne ya karye ba. Ƙalubalen yana da ƙarfi, na juya shi sosai. Amma ku saurari yadda muke amfani da gani. Ya ga tasku. Ta ga ta kanta. Ya ga jiya ya ga yau. Ba kallo ake nufi a nan ba ko kaɗan, abin a kansu ya sauka. Kuma idan mace ta dafa ƙirji ta ce ni ganau ce ba jiyau ba, ba wanda ke tambayarta ko daga nesa ta hango. Ga wani alherin: kalmar ba ta ambaci ciwo ba. Ana iya kiran mutum da ita a gaban surukansa ba a tona masa asiri ba, shi ne zai zaɓi wanda zai gaya wa abin da ya gani. Tana hawa kan namiji da mace, tana hawa kan uwa mai ɗauke da ƙanjamau da ke jan hankalin masu juna biyu a asibiti, aikin da an daɗe ana yi a Najeriya.

Don haka ga shawarata: mutumin a ce masa “ganau mai rakiya”, jam'i “ganau masu rakiya”, aikin kuma “rakiyar ganau”. A jimla: “An ɗauki ganau masu rakiya uku a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.” Idan baki ya saba, “ganau” kaɗai za ta wadatar a cikin asibiti.

Akwai dalilin hanzari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan aikin cikin jagoran kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma da ta fitar a 2021, Najeriya kuma ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 a madadin ta 1958. Takardun horo za su zo a fassara su, kuma kalmar da mai fassara na farko ya saka ita ke zama.

Abin da ya rage shi ne jin ta bakin masu abin. Waɗanda ke aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware, Dawanau da Maiduguri, da na Zinder da Yamai, don Allah ku gwada kalmar a kunnen waɗanda suka warke, ku tambaye su ko za su yarda a kira su da ita, ku dawo mana da abin da suka ce.