Wa ya san Kwatano? Shi karɓi baiti

Kawu Idi mai kamiyo, Tawa:
Salamu alaikum jama'a, yau ina zamne gareji ba lodi ba komi sai Kwatano ta hwaɗo mini a rai, tun da anka ruhe iyakar Nijar da Benin a 2023 ƙahwata ba ta sake taka ta ba, to ga baituka, amsa-amon "wa" ne kar wani shi karya mini shi.

Kwatano ta bakin teku, ga Ba'adare da gaisuwa,
Albasar Galmi nika kai miki Dantokpa kasuwa,
In shiga por, tashar jirgin ruwa, in yi lodin shinkahwa in yi juyowa.
Gaya, Malanbil, Kandi, ko'ina da tsayawa,
Kowane shinge da hannu shina miƙowa.
Jirgin ƙasanku Paraku ya kai ya ƙi wucewa,
Da mi za mu ci in da ya zo Dosso, mu direbawa?

Rabi, Yamai:
Kai Kawu, ku dai por da buhu kamar garin ba shi da komai sai sito 😂 ni hutu na je ƙarshen 2022, bari ka ji nawa

Kawu aje buhun nan, zo mu yi zagayawa,
Gunkin Amazon, mace mayaƙiya, mita 30 tana tsaye ba rusunawa,
Bindiga da takobi ta riƙe ba ta sakewa.
Cocin Notre-Dame ja da fari, atamfa ce ta ɗaurawa,
Bangon por duk zane, ka yi ta tafiya bai ƙarewa.
Ganbiye bisa tabkin Nokuwe, ɗaki kan turaku ba nutsewa,
Mai tumatir a kwale-kwale take sayarwa.
A Fijirose na ce bari in taɓa ruwan teku da yatsa,
Ya tafi da takalmina, na ruga ina kuwwa.

Sani mai shayi, Tawa:
Yaya Rabi kin karya amsa-amo a "yatsa" amma mun yahe tunda teku ya riga ya ci ki tara. Ke na baƙi kinka gani, ni shekara 6 na yi bida a Zongo da teburin shayi, ɗaki guda mu biyar, in an yi ruwa da dare kowa shi ɗauki tabarmatai shi tsaya

Zemijan 'yan kabu-kabu, rigar rawaya, awa hwara na tasowa,
Man kpayo cikin kwalba a bakin titi aka zubawa,
Daga Najeriya ya biyo dare, kowa na ganewa.
Gari ne kan rairai, tabki baya, teku na hararowa,
Damina in ta kama sai ka ga unguwa har gwiwa.
Ƙarhen rariya kwana kaɗan gishiri na cinyewa.
Amma Juma'a a masallacin Zongo, Hausa kaka jiyowa,
Sai ka rantse kana Badagishiri ranar kasuwa.

Rabi:
To Sani ai ba ka ce komai kan Porto-Novo ba, ita ce babban birni a takarda amma shugaban ƙasa da ministoci duk Kwatano suke, ni abin har yau dariya yake ba ni

Kawu Idi:
Ɗiyata inda jirgin ruwa ka tsayawa nan kuɗɗi suke, inda kuɗɗi suke nan manya ka kwana. Sani ka taɓo ni da Zongo wallahi, ga na ƙarshe in tahi sallah

Audugarsu ta nan taka hita, jirgi na jidewa,
Motocin gwanjo ta nan sunka iske mu, tsohuwa da sabuwa.
Yanzu Lome aka bi, ta Burkina, da soja na rakawa,
Kaya, Dori, Tera, sati da sati ana jiran tasowa.
Man Agadem ya bi bututu har Seme ta Benin ba tambayawa,
Kusan kilomita 2000 ƙarƙashin ƙasa shina kwararawa,
Ni mai taya goma ga ni zamne a Tawa.

Sani:
Kawu "Tawa" kuma ka sa a amsa-amo, wagga ai satar hanya ce 😂 in kewa ta ishe ka aje kamiyon mu tahi Gaya mu shiga kwale-kwale mu ƙetare Malanbil yadda kowa ka yi, ni zan biya kuɗɗin jirgi kai ka biya na kihi.