Neman shawara: sifika na huda min kunne in aka zo kan sin da sad

Mai tambaya, daga Shara Mansur, Makka:
Assalamu alaikum jama'a. Na haɗa sifika biyu da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a falo, ina jin karatu da wa'azi daga waya. Murya na fita ras, amma da an zo kan sin ko sad sai ka ji tsss kamar ruwa ya ɗiga a tafasasshen mai. Falon tayil ne, ba kafet, ga ƙatuwar tagar gilashi. Sifikar ce ta lalace?

Mai gyaran kayan sauti, Jidda:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka yi gaggawar mayar da ita shago. Wannan kaifin yana tsakanin kilohaz 5 zuwa 8 a ma'aunin sirantar sauti, kuma ƙaramar sifikar sama, tuwita, ke fitar da shi. Fara duba maɓallin tirebul, mai ƙara ko rage siririn sauti, ka mayar da shi tsakiya. In wayarka na da ikwalaiza, wato wurin daidaita sassan sauti, rage ƙarfin wajen kilohaz 5 zuwa 8 ɗin da desibel 2 ko 3 kawai, in ka zarce murya za ta dushe.

Amma ni falon nake zargi. Tayil da gilashi da bangon da ba komai a jikinsa suna dawo da siririn sauti, ya haɗu da wanda ke fitowa daga sifika, kunne ya sha biyu. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikar, ka saki labule, sannan ka ɗan karkatar da su kada tuwita ta saiti kunnenka.

Wata 'yar'uwa, Madina:
Baba, kafin ka kashe riyal ko ɗaya, saurari wannan karatun da abin kunne. In kaifin na nan, daga ɗaukar ne. Sad da sin da zayi haruffan safir ne, dama da fito suke fita, in mai karatu ya manna baki da makirufo sai abin ya ƙaru. Ga kuma wa'azin da ake ta turawa a WhatsApp, an matse shi har ingancinsa ya ragu.

Wani ɗan'uwa, Ɗa'if:
Kuma a rage ƙure murya. Ƙaramar amfilifaya in aka matsa mata sauti na tsagewa, har tuwita kan ƙone.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na gwada da abin kunne: wa'azin WhatsApp na da kaifin, karatun kuwa sumul. Ke nan na karatun daga falo ne. Malam na Jidda, darduma biyu a haɗe za su yi, ko sai kafet?

Mai gyaran kayan sauti:
Fara da su Alhaji, amma ka sa bargo a ƙarƙashi, kaurin ne ke aiki.