Amfilifaya na ɗaukewa a hanya, sifiku kuma suna kuka in na taka mota, a taimaka

Abban_Nana_BK:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana wayarin mota ku duba mini. Golf 3 gare ni, ina Birnin Kebbi, satin da ya wuce na sayo amfilifaya mai canel 4 da wufa inci 12 guda ɗaya da sifikun ƙofa, a kwalin amfi ɗin an rubuta 3000W. Ni da wani abokina muka haɗa a gida, mun ja waya daga kan fozitif na batir muka bi da ita ƙarƙashin kafet har but, wayar wutar gida ce 2.5mm da ta rage lokacin da aka yi mana wayarin shago, nagetif kuma muka ɗaure a jikin noti na kujerar baya. Wufar tana da wajen ɗaura waya guda huɗu, biyu kowane gefe, an rubuta 4 om, sai muka haɗe ja da ja baƙi da baƙi muka kai canel 3 da 4 a birij, wato canel biyun a haɗe kamar ɗaya, kamar yadda aka zana a jikin amfi.

To ga matsalar. In mota na kashe sauti lafiya lau, amma da na tada inji sai wani siririn kuka ya taso a sifiku, ina taka totur yana ƙara sama. Sannan jiya zan tafi Jega, ban kai rabin hanya ba amfi ya ɗauke, koren wuta ta koma ja, na tsaya na buɗe but na taɓa shi wallahi hannu ba ya iya zama a kai. Da dare kuma duk dukan da wufa ta yi sai fitilar gaba ta dushe. Jabu aka sayar mini ko mu muka yi kuskure?

Malam_Sani_Rewaya:

Wa alaikumussalam. Ƙanena kafin komai, ban ga inda ka ce kun sa fiyus kusa da batir ba. In babu, don girman Allah ka je yanzu ka cire wayar nan daga kan batir, kada ka bari sai gobe. Fiyus ɗin da ke jikin amfi kansa kawai yake karewa, ita doguwar wayar da ta ratsa mota tun daga bonet har but ba mai kare ta, ranar da ƙarfe ya yanke robarta ta taɓa bodi, batir zai juye mata ɗaruruwan amfiya a take. Na taɓa gani da idona a garejinmu, an kawo wata mota kafet ya narke ya manne da ƙarfe tun daga ƙafar direba har kujerar baya, layi guda baƙi ƙirin daidai inda waya ta bi, mai motar yana ta salati don yaransa na ciki lokacin da hayaƙi ya taso. Fiyus ana sa shi kamar taƙi biyu daga kan batir, kada ya wuce santimita 45, kuma ramin da waya za ta bi ta shiga cikin mota daga wajen inji a sa masa roba.

Wayar 2.5 ɗin nan kuwa ba ta wanga aiki ba ce. A gida wuta bolt 230 ce shi ya sa siririyar waya ke isa, a mota kuwa bolt 12 ne zuwa 14, kenan kafin ka samu ƙarfi ɗaya sai ka ja amfiya mai yawa ninkin ba ninkin, ita kuma amfiya kauri take so. Nemi waya mai kaurin geji 4, in ba ka samu mai kyau ba je wajen masu kayan walda ka yanko kebul 16mm ko 25mm, ya fi da yawa daga cikin na kwali. Ka kankare bakin wayar da wuƙa ka duba, in cikinta ya fito fari alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, roba ce ta yi mata ƙiba.

Kukan da ke bin totur, altaneta ne kake ji, kuma galibi daga nagetif ne. Notin kujera akwai fenti da tsatsa ƙarƙashinsa. Nemi ƙarfen bodi kusa da amfi, ka goge da sanfefa sai ya yi sheƙi, ka sa kan waya na zobe ka ɗaure tamau, gajera, kauri ɗaya da ta fozitif. Wayoyin RCA kuma, masu kawo sauti daga rediyo zuwa amfi, su bi gefe guda wayar wuta ta bi ɗaya gefen, kada su kwanta tare.

Bello_Argungu:

Oga Sani ya gama magana kan waya, ni dai abin da ke ɗauke maka amfi zan faɗa. Wufarka mai koyil biyu ce, kowane 4 om. Da kuka haɗa ja da ja baƙi da baƙi ta koma 2 om, sannan kuka yi birij, to a birij kowane canel rabin abin yake gani, kenan 1 om kuka ɗora wa kowane. Yawancin amfi masu canel 4 a birij ba sa son ƙasa da 4 om, duba takardarsa za ka gani. Shi ya sa yake zafi yana shiga furotek, kuma ka gode Allah da ya ɗauke bai ƙone ba, ga zafin garin nan a watan 4 da ake haura 40, cikin but rufe kuma sai abin da ya ƙaru.

Ko dai ka ba kowane koyil canel nasa, ɗaya a 3 ɗaya a 4 ba birij, ko ka jera su baƙin wannan ya shiga jan wancan ta zama 8 om ka yi birij ɗinka, dukan zai ragu amma amfi zai huta. In kuɗi sun samu ka sayi amfi mono, mai canel ɗaya, wanda ke ɗaukar 2 om ka bar wa wufa shi kaɗai.

3000W kuwa ka manta da shi, RMS ake dubawa, wato ainihin ƙarfin da yake iya bayarwa ba tsayawa. Leƙa fiyus na jikin amfi, in misali 25 biyu ne kenan amfiya 50, ka ninka da 14 ya ba ka 700, kuma ba duka ke zama sauti ba, kaso mai yawa zafi yake zama.

Dan_Yauri_07:

kawai ka sayi kafasita ka sa, ni tunda na sa fitilata ta daina rawa

Malam_Sani_Rewaya:

Ɗan Yauri kafasita ba ta ƙirƙirar wuta, ajiya ce ƴar kaɗan, tana ɗan ɓoye rawar fitila amma waya siririya tana nan siririya. Ya fara gyara waya, sannan ya sa mita a kan batir, mota a kashe ya ga kamar 12.6, inji na aiki 13.8 zuwa 14.4. Ya sake aunawa a bakin amfi waƙa na tashi, in ya ga ta faɗi ƙasa da 12 a can alhali a batir lafiya, waya ce ko nagetif. In har a batir ɗin ma tana faɗuwa to altaneta ko batir ya gaji.

Abban_Nana_BK:

Allah ya saka da alheri Malam Sani, wallahi babu fiyus ɗin, jikina ya yi sanyi da na karanta don kullum da safe ni ke kai yara makaranta a motar. Na cire tun daren jiya. Yau na samo kebul ɗin walda 16mm da fiyus 60, na goge ƙarfe a gefen but na ɗaure nagetif, kukan ya tafi sai ɗan kaɗan in na ƙure. Yaya Bello fiyus na jikin amfi 25 biyu ne kamar yadda ka ce, na raba koyil ɗin kowane da canel nasa. Saura maɓallan gefe, gen da LPF da HPF, abokina ya murɗe gen har ƙarshe wai nan ƙarfin yake.

Bello_Argungu:

A'a maida shi ƙasa gaba ɗaya. Gen daidaita amfi da rediyo yake yi, in ka ƙure shi sauti ya fara tsagewa koyil yake dafawa, kuma shi ke ƙara fito maka da ragowar kukan nan. Kai rediyo kamar kashi uku cikin huɗu, ka kashe bas bus, wato maɓallin ƙara bas, ka sa waƙar da ka san sautinta sosai, ka riƙa murɗa gen a hankali har ka ji ya fara ƙazanta sai ka ɗan dawo baya. Canel 3 da 4 na wufa ka sa LPF, mai barin bas kawai ya wuce, wajen 80, na ƙofa ka sa HPF, mai tare bas, wajen 80 don kada bas ya yaga su. Kuma kada ka kwantar da amfi ƙarƙashin tabarma ko buhu, ɗaure shi a bayan kujera kan katako inda iska ke samunsa. Ka sake gwada hanyar Jega da rana tsaka ka taɓa shi in ka isa, ka zo ka gaya mana.