Sort har uku a tambaya ɗaya, ina mafita?

Sabon_shiga: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da rumbun bayanan cinikin wasu shaguna, a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, siga ta 11. Teburin na da shago, rana da kuɗi. A tambaya (query) ɗaya na buɗe tagogi uku (window functions, wato lissafi a kan rukunin layuka): sum na kuɗi da PARTITION BY shago kaɗai, sai row_number da PARTITION BY shago ORDER BY rana, sannan rank da PARTITION BY shago ORDER BY kuɗi DESC. Da na duba EXPLAIN ANALYZE, mai nuna matakan da tambayar ta bi, sai ga Sort (jera layuka) har uku, kowanne da "external merge Disk" a gefensa. Rahoton da maigida ke jira kafin la'asar, wallahi sai na yi alwala na dawo bai gama ba. Duk ukun fa da shago suka fara, me ya sa yake sake jera layukan tun daga farko?

Tsohon_hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabin ciwon kanka sigar PostgreSQL ɗinka ce. PostgreSQL ba ya raba layuka da hash (dabarar kasa su rukuni-rukuni ba tare da jerawa ba) don taga, jera su yake yi, ginshiƙan PARTITION BY tukuna, sannan na ORDER BY. A 11 yana bin tagogin yadda ka rubuta su, sai masu tsari iri ɗaya sak yake haɗawa. Tunda sum ka sa a gaba, ya jera da shago, ya zo ta biyu ya ga babu rana, ya sake. Daga 12, wadda ta fito a 2019, yana fara da taga mai dogon jeri, gajeriyar ta hau bayanta kyauta, don abin da aka jera da shago da rana ai ya jeru da shago. A 14 kuma aka ba tagogi damar amfani da Incremental Sort, aikin David Rowley. Maimakon ya sake jera teburin gaba ɗaya saboda kuɗi, sai ya jera layukan kowane shago daban, ƙananan tuli da ba sai sun sauka faifai ba. Ita 11 ma an daina kula da ita tun Nuwamba 2023. Kafin ka koma sabuwar siga, mayar da sum ɗin bayan row_number, Sort ɗaya zai tafi yau ɗin nan.

Hajiyar_SQL: "Disk" ɗin nan na nufin Sort ya wuce work_mem, wato ƙwaƙwalwar da aka ware masa, ya sauka faifai; 4MB yake zuwa da shi. Ka ɗaga shi da SET a zaman rahoton kawai. Kar ka taɓa na sabar duka, don kowane Sort na kowane mai haɗi kasonsa zai ɗiba.

Sabon_shiga: Na gode Hajiya. Yaya, na sauya jerin, saura biyu! Indeks (jerarren manunin layukan tebur) a kan shago da rana fa, zai kashe su?

Tsohon_hannu: Ɗaya kawai, na tagar da ke can ƙasan EXPLAIN. Na kuɗi DESC ba makawa, rana da kuɗi ba sa jeruwa a tafiya ɗaya. Kuma in duk teburin kake karantawa, mai tsara aikin na iya ƙyale indeks ɗin, ya ga karatu a jere da Sort ya fi araha. Gwada ka liƙo mana sabon EXPLAIN ɗin.