Dan Allah wa ya san garin da ake haƙar farar ƙasa a ƙasar Katsina? Asalin kakanmu nake nema

Ɗan Madani: Slm iyaye da 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu abin ya daɗe yana cina. Ni a Wad Madani ta Sudan aka haife ni, babana ma haka, kakanmu ne ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji guzuri ya ƙare masa ya tsaya tsinkar auduga a Jazira, Makka bai kai ba gida bai koma ba. Ya bar wata adaka ta ƙarfe da wasiƙu biyu na ajami a ciki da wata takarda mai hatimi, tun muna yara babana baya bari a taɓa, har ya rasu ban taɓa karantawa ba. Da yaƙi ya shigo Madani a Disamba 2023 muka fito da kayan jikinmu kawai, ni da Inna da ƙannena huɗu da Gwaggo a bayan lori, Gwaggo na amai duk hanya ga ba ruwa, a Gadarif wata biyu muna kwana a makaranta kafin mu samu ɗaki. Da na koma duba gida ko ƙyaure babu balle adaka. Yanzu Gwaggo ce kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakan, ta haura tamanin, yau ta gane ni gobe ta kira ni da sunan babana. Abu ɗaya take maimaitawa, wai mahaifinta yana cewa su mutanen Katsina ne, a garinsu ana haƙar farar ƙasa a rami, ubansa na labta wa jakuna ya kai kasuwa uwarsa na shafen ɗaki da ita. Na duba intanet naga Ƙanƙara ce ta yi suna da wannan. Ina so in saida raksha ta (keke napep ɗin da nake haya da shi) in tafi da kaina tun Gwaggo na da rai. Ta ina zan fara?

Baffa na Maiurno: Yaro ajiye intanet ɗin nan. Tarihin mutanenmu a bakin tsofaffi yake. Bayan yaƙin Burmi a 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ne ya jawo jama'a har bakin kogi kusa da Sinnar, garin Maiurno ma sunansa ya ci. Duk wanda ya zo ƙasar nan daga baya ta hannun waɗannan ya bi, su ke saukar baƙi. Ka zo nan a zaunar da kai gaban dattawa, cikin wuni guda za a gano maka gidanku. Menene sunan kakan naka da na ubansa?

Ɗan Madani: Na gode Baffa, amma namu bai zo da hijira ba, shi kaɗai ya zo kuma daga baya ne sosai, an riga an fara noman Jazira. Bai taɓa zama Maiurno ba.

Baffa na Maiurno: Kai ka gani da idonka bai zauna ba? Jazira a 1925 aka buɗe ta da aka gama madatsar Sinnar, su waye suka yi kwadagon in ba namu ba. Na tambaye ka suna ka tsallake.

Bakatsine a Jidda: Ɗan uwa ni ɗan Malumfashi ne, maƙwabtan Ƙanƙara. Gaskiya ne akwai farar ƙasa a can, har manyan motoci ke ɗiba zuwa masana'antu. Amma ba can kaɗai ake samunta ba, Alkaleri ta Bauchi ma akwai, kuma a da mata a ƙauyuka da yawa suna da ramin da suke ɗiba don shafe. Sannan Ƙanƙara ba gari ɗaya ba ne ƙaramar hukuma ce da ƙauyuka birjik. Sai maganar tsaro, a nan ne aka kwashe 'yan makaranta sama da 300 a Disamba 2020, kuma a daji ramukan suke, baƙo mai Hausar Sudan yana yawo yana tambaya wlh ban ba ka shawara ba. In dole ne ka fara ta fadar hakimi, shi zai haɗa ka da dagatai da masu unguwa, kuma tambayar farko da za su yi maka ita ce sunan kaka, sunan ubansa, laƙabin gidansu da tsagen fuskarsa. Takardun zamanin Turawa suna Kaduna, gidan adana takardu na ƙasa da Arewa House, sai dai yawanci labarin hakimai da haraji ne, sunan mai jaki da wuya.

Ummu Hanan: Hmm Allah ya sa ka dace. Yayana haka ya yi, ya tara kuɗi shekara biyu ya tafi har ya gano dangin babanmu, kwana uku ana ta murna ana yanka kaji, da ya tambayi inda gonar kaka take sai fuska ta canza suka ɗauka gado ya zo nema. Wasu kuma gani suke wanda ya fito daga gabas kuɗi ne da shi, har yau kira suke a turo musu, da yaƙi ya same mu ko mutum ɗaya bai ce ya kuke ba. Ni abin har yanzu yana min zafi.

Abu Yasir Kassala: Kuna manta Katsina biyu ce fa. Sarkin Maradi ma Sarkin Katsina ake ce masa, kuma Jiratawa kusa da Maradi garin maginan tukwane ne. Tsofaffinmu da yawa in sun ce Katsina can suke nufi.

Ɗan Madani: A'a Malam, farar ƙasa ta ce ba yumɓu ba, na tambaye ta ya fi sau goma. Zuciyata ta tsaya a Ƙanƙara.

Kawu Fallata: Ni dai ka rage shela. Kana ganin banza babanka ya kulle adakar nan? A da, a dokar jinsiya (zama ɗan ƙasa) ta 1957, sai ka nuna kakanninka na ƙasar nan tun 1897, shi ya sa iyayenmu suka binne maganar asali. Ni da aka haifi ubana a nan sai da na yi wata takwas ina sintiri a wani ofis ana ce min kawo shaidu, kawo kawun ubanka, yaro sa'an ɗana yana min kallon baƙo. Kai kuma a wannan lokacin kake neman takardar da za ta ce kai ɗan wata ƙasa ne.

Baffa na Maiurno: Asali ba abin kunya ba ne, wanda ya ɓoye nasa shi ya sani. Amma saida raksha kuskure ne, da ita kake ciyar da mutum shida. Ka kunna waya ka ɗauki muryar Gwaggonka da asuba lokacin da hankalin tsoho ke dawowa, ka sa mace ta yi mata hira kar kai, a ja ta da waƙar daka da kirarin gidansu sunan ƙauye zai fito da kansa. Sannan ka kawo min.

Ɗan Madani: Baffa duk na gwada, kuka take in an matsa mata. Ku baku ga halin da take ciki ba shi yasa kuke cewa in jira. Raksha kuma ƙanena zai samu aikin gona in damina ta faɗi, ba za su rasa abinci ba insha Allah. Na riga na yi magana da mai saye, Juma'a zai zo ya gani.

Ummu Hanan: Inna ta sani kuwa?

Bakatsine a Jidda: Ka turo min sunan kakan da irin tsagensa, ina da abokin karatu a Ƙanƙara ya fara tambaya kafin ka motsa, ba sai ka kashe ko sisi ba.

Ɗan Madani: Malam kawai ake ce masa a unguwa. Tsage kuma Gwaggo ta ce yana da shi, wane iri ne ta kasa faɗa. Wa ya san kuɗin jirgi daga Port Sudan zuwa Kano yanzu?